BABI NA TARA: LABARI DA RA'AYI A CIKIN TSOKACIN JAMA'A KAN KAMFANONIN FASAHAR SADARWA

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren jimlolin Hausa ta fuskar tsarinsu. A wannan babi kuwa za a karkata ga wani aiki da jimla take yi a bakin masu harshe, wato yadda Bahaushe yake nuna wa mai sauraronsa matsayin maganar da yake faɗa. Shin abin da ya gani da idonsa ne, ko abin da ya ji daga bakin wani, ko kuwa abin da yake zato a ransa? Harshen Hausa ya tanadi kalmomi da sigogi na musamman domin wannan aiki, kuma duk wanda ya tashi cikin harshen yana amfani da su ba tare da ya tsaya ya yi nazarinsu ba. Aikin malamin Hausa ne ya fito da su fili domin ɗalibi ya riƙa lura da su a cikin abin da yake ji da abin da yake karantawa.

An gina babin a kan tsokacin da jama'a suke yi game da kamfanonin waya da bankuna da sauran ma'aikatun da harkarsu ta dogara ga kwamfuta. Dalili kuwa shi ne, da wuya a sami fagen da mutane suka fi tofa albarkacin bakinsu a kai kamar wannan, alhali kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganin yadda aikin yake gudana daga ciki. Mai sayen riɗi a Maigatari da mai shayi a Gumel da malamin firamare a Sule Tankarkar, kowa yana da abin cewa ranar da sabis ya ɗauke ko kuɗi suka maƙale a hanya. A irin wannan fage ne labari da ra'ayi suka fi cakuɗewa, kuma wanda ya kasa tantance su yana iya yin asarar dukiya ko ya shiga fargabar da ba ta da tushe.

9.1 Manufar Babi

Ana sa ran a ƙarshen wannan babi ɗalibi zai iya:

i. bambanta labari da ra'ayi da jita-jita da hasashe;
ii. gano kalmomi da sigogin nahawu da ke nuna madogarar magana;
iii. bayyana yadda magana take sauya matsayi idan ta bi bakuna da yawa;
iv. tsara darasi a kan wannan batu domin ƙaramar sakandare.

9.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmomin "labari" da "ra'ayi" duka an aro su ne daga Larabci. Ta biyun ta fito ne daga tushen da ke da ma'anar gani, abin da ya yi daidai da yadda Bahaushe yake cewa "a ganina" idan zai faɗi ra'ayinsa. Ita kuwa "jita-jita" Hausa ce tsantsa, kuma aikatau "ji" yana nan a cikinta har sau biyu. A wannan babi za a yi amfani da kalmomin kamar haka.

Labari shi ne bayanin abin da ya auku, wanda za a iya bin diddiginsa a tabbatar ko a ƙaryata. Ra'ayi shi ne hukuncin da mutum ya yanke a ransa game da wani abu, wanda za a iya yarda da shi ko a yi jayayya, amma ba a auna shi da ma'aunin gaskiya da ƙarya. Jita-jita magana ce mai kamannin labari wadda ba a san madogararta ba. Akan kuma kira ta raɗe-raɗi ko ƙishin-ƙishin. Hasashe kuwa shi ne kirdadon abin da bai auku ba tukuna. Dubi waɗannan misalai:

(1) a. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba.
b. Wannan ƙari ya yi wa talaka yawa.
c. Wai za su sake ninka kuɗin kafin salla.
d. Idan farashin man dizal ya ci gaba da hawa, mai yiwuwa su nemi wani ƙarin.

Jimla ta (1a) labari ce, domin ta ambaci mai aiki da lokaci da adadi, kuma ana iya neman sanarwar hukumar a gani. Ta (1b) ra'ayi ce: mutum biyu suna iya yarda da (1a) su saɓa a kan (1b). Ta (1c) jita-jita ce, ta (1d) kuwa hasashe ne wanda mai shi ya kawo sharaɗi da dalili. Abin lura shi ne, duka huɗun jimlolin bayani ne ta fuskar tsari. Ke nan tsarin jimla kaɗai ba ya isa a gane matsayinta, sai an duba wasu alamomi.

9.3 Taƙaitaccen Tarihin Fagen Tsokacin

Kafin a shiga alamomin, ya kamata ɗalibi ya san wasu abubuwan da suka auku, domin su ne za a riƙa auna misalai da su.

A watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a Najeriya, kuma a watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Globacom ya biyo baya a 2003, ya shigo da tsarin biyan kuɗin kira gwargwadon daƙiƙa maimakon minti. Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka rungumi harkar kwamfuta da wuri, domin a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure.

Daga wancan lokaci waya ta shiga kowace harka a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis a bakin iyakar Najeriya da Nijar, tana tara fataken dabbobi da na amfanin gona daga nesa, kuma da waya ake jin farashi, da ita ake kiran mota. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, sai mutane da yawa da ba su saba da tura kuɗi ta waya ba suka koma ga tiransifa da masu POS. Tun daga nan lafiyar kwamfutocin bankuna ta zama abin da ya shafi mai sayar da akuya kai tsaye. Haka kuma harshe ya karɓi sababbin baƙi irin su layi da sim da data da sabis da netiwok da alat.

9.4 Alamomin da ke Nuna Matsayin Magana

9.4.1 Kalmomin Madogara

Waɗannan su ne kalmomin da ke nuna daga inda magana ta fito. Ana iya jera su daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni:

(2) a. Na ga sanarwar da idona.
b. Za a rufe layukan da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ba, in ji hukumar NCC.
c. Na ji a rediyo za a rufe layuka.
d. An ce za a rufe layuka.
e. Wai za a rufe layuka.

A (2a) mai magana ya ɗauki nauyin maganar baki ɗaya. A (2b) ya ɗora nauyin a kan wanda aka sani, ta amfani da "in ji", haka "a cewar" da "kamar yadda... ta bayyana" suke aiki. A (2c) an ambaci kafa amma ba a ambaci mai magana ba. A (2d) babu kafa babu mai magana. A (2e) kuwa mai magana ya nesanta kansa, har yana iya nufin shi ma bai gaskata ba.

Ya kamata a jawo hankalin ɗalibai ga cewa "wai" tana da ayyuka fiye da ɗaya. Tana gabatar da suna, kamar a "wani gari wai shi Gagarawa". Tana ƙarfafa tambaya, kamar a "wai yaushe sabis zai dawo?" Tana kuma nuna manufar da mai magana yake shakka a kanta, kamar a "sun sauya tsarin wai don su sauƙaƙa wa mutane". Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi yawa a tsokaci, domin da kalma ɗaya mai magana ya kawo hujjar kamfani ya kuma rushe ta.

9.4.2 Wakilin Suna Mai Ɓoye Mai Aiki

Hausa tana da jerin wakilan suna da ba sa bayyana wanda ya yi aiki, wato "an" da "aka" da "ana" da "za a" da "akan". Kwatanta waɗannan:

(3) a. Datata ta ƙare.
b. An cire mini data.
c. Sun cire mini data.
d. Kamfanin ya cire mini data.

A (3a) babu wanda aka zarga. A (3b) an nuna akwai mai aiki amma an sakaya shi. A (3c) "sun" tana nuni ga wasu mutane da ake ɗauka mai sauraro ya san su, ko da yake idan aka tambayi mai maganar su wane ne, sau da yawa ba zai iya tantance ko kamfani yake nufi ko gwamnati ko banki ba. A (3d) ne kawai aka yi zargin da za a iya bincikawa. Su ma kamfanoni suna amfani da wannan dabara idan laifi yana wajensu. Sanarwa takan ce "ana fuskantar 'yar tangarɗa", ba takan ce "na'urarmu ta lalace" ba.

9.4.3 Ƙananan Kalmomin Ƙarfafawa

Masana nahawun Hausa, irin su Paul Newman a littafinsa na 2000, sun ware wasu ƙananan kalmomi shida da ke daidaita magana ba tare da sun sauya ainihin saƙonta ba. Su ne fa, dai, kam, ma, kuwa, kuma.

(4) a. Farashin data fa ya tashi. (jan hankali ko gargaɗi)
b. Farashin data dai ya tashi. (taƙaitawa ga abin da aka tabbatar)
c. Farashin data kam ya tashi. (tabbatarwa ba tare da jayayya ba)
d. Farashin data ma ya tashi. (ƙari a kan wasu abubuwan da suka tashi)
e. Farashin data kuwa ya tashi. (gaskatawa ko kwatantawa da wani abu)
f. Farashin data kuma ya tashi. (ci gaba da lissafi)

Akwai wasu kalmomin da ba sa cikin shidan amma suna da irin wannan tasiri. "Ai" tana gabatar da magana a matsayin abin da kowa ya sani. "Dama" tana nuna an daɗe da sanin haka. "Mana" tana nuna babu buƙatar tambaya. "Ashe" tana nuna mai magana ya gano abin da ba ya tsammani. Idan mutum ya ce "ai dama cutar mutane suke yi mana", ya tara kalmomin ƙarfafawa uku a jimla ɗaya, amma bai kawo hujja ko ɗaya ba. Wannan shi ne babban abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe daga wannan sashe: ƙarfin lafazi daban, ƙarfin hujja daban.

9.4.4 Lokacin Aikatau

Lokacin da aka sa aikatau a ciki yana iya mayar da abin da ya faru sau ɗaya ya zama ɗabi'a.

(5) a. Sun riƙe kuɗina jiya. (shuɗaɗɗen lokaci)
b. Sukan riƙe kuɗin mutane. (lokaci sabau)
c. Kullum riƙe kuɗin mutane suke yi. (lokaci mai ci tare da gabatar da aikin)
d. Za su riƙe kuɗinka. (lokaci mai zuwa na ɗaya)
e. Sa riƙe kuɗinka. (lokaci mai zuwa na biyu)

Mai (5a) shaida ne a kan abin da ya same shi. Mai (5b) da (5c) yana bukatar shaidu da yawa kafin maganarsa ta tsaya. Jimlolin (5d) da (5e) duka hasashe ne, sai dai ta biyu ba ta kai ta farko yanke hukunci ba, kuma akan yi amfani da ita wajen gargaɗi.

9.4.5 Zaɓen Kalma

Sau da yawa ra'ayi yakan ɓuya a cikin aikatau. A rabe-raben aikatau na F. W. Parsons, aji na huɗu yakan nuna an yi aiki gaba ɗaya har ba a bar saura ba, kamar "ci" da "cinye", "sha" da "shanye", "kwasa" da "kwashe". Saboda haka "sun cinye mini data" ta ƙunshi zargin da babu shi a "data ta ƙare". Haka nan abu ɗaya ne za a iya kira "daidaita farashi" ko "ƙarin kuɗi" ko "tsawwalawa" ko "tatsar talaka". Na farko harshen kamfani ne, na biyu tsaka-tsaki ne, biyun ƙarshe kuwa harshen mai ƙorafi ne. Wanda ya zaɓi ɗaya daga ciki ya riga ya nuna ɓangaren da yake, ko da bai ce "a ganina" ba.

9.5 Zubewar "Wai"

Alamomin da aka bayyana a sama suna aiki sosai a bakin mutum na farko. Matsalar takan taso ne idan magana ta fara yawo, domin kowane mai isarwa yakan rage wani abu, kuma abin da aka fi saurin yarwa shi ne alamar shakka. Za a kira wannan "zubewar wai".

A watan Oktoba na 2015 hukumar NCC ta ci kamfanin MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda rashin katse layuka fiye da miliyan biyar da ba a yi wa rajista yadda ya kamata ba. Wannan labari ne. Ga kwatancin yadda irinsa yakan rikiɗa daga baki zuwa baki:

(6) a. Wai idan ba su biya ba, ana iya ƙwace lasisinsu.
b. An ce za a ƙwace lasisinsu.
c. Za a rufe kamfanin.
d. Ai an rufe su, ka sauya layi.

Daga (6a) zuwa (6b) sharaɗin "idan" ya zube, "ana iya" ta koma "za a". Daga (6b) zuwa (6c) madogara ta zube gaba ɗaya. A (6d) lokaci mai zuwa ya koma shuɗaɗɗe, "ai" ta shigo, har an ɗora umurni a kai. Abin da ya auku a zahiri shi ne, a watan Yuni na 2016 aka daidaita a kan naira biliyan 330 da za a biya kashi-kashi, kamfanin kuma ya ci gaba da aiki.

Wannan al'amari ya sha faruwa a ƙasar nan. A 2004, aka sake a 2011, an baza cewa akwai lambar wayar da duk wanda ya amsa kiranta zai mutu, har sai da NCC ta fito ta ƙaryata a 2011. A watan Afrilu na 2020 an yaɗa cewa fasahar 5G ce take haddasa cutar korona, alhali a lokacin ba a ba kowane kamfani lasisin 5G a Najeriya ba. Sai a watan Disamba na 2021 aka yi gwanjonsa, MTN da Mafab suka yi nasara. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, da a ce "wai" ta tsira har bakin mutum na ƙarshe, da fargabar ba ta kai yadda ta kai ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to amma a harkar kwamfuta mafi yawan mutane ba su da hanyar gani. Abin da ya rage musu shi ne su iya auna abin da suka ji.

9.6 Nazarin Misali

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a kusa da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Wannan ya kawo cikas ga intanet a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, ya kuma shafi harkokin wasu bankuna a Najeriya. An tsara hirar da ke ƙasa domin wannan darasi, an ɗora ta a kan wannan rana, wadda ta dace da ranar kasuwar Maigatari.

Dillali: Yaro, tun hantsi nake jiran alat, har yanzu shiru.
Mai POS: Wallahi Baba, ba daga wajena ba ne. Mutum shida na tura wa kuɗi tun safe, babu wanda nasa suka shiga.
Dillali: Ai dama haka suke yi. Da sun ga ranar kasuwa sai su riƙe kuɗin mutane su juya.
Wani falke: An ce ma gwamnati ce ta sa a rufe, kamar yadda aka yi a Zamfara.
Mai POS: Ni dai Alhaji, abin da na ji a rediyo shi ne, wai wayoyin intanet ne suka tsinke a cikin teku.
Dillali: Teku kuma? Ina ruwan teku da Maigatari?

Maganar dillali ta farko da ta mai POS ta farko shaida ce ta ganin ido, har da lokaci da adadi. Maganar dillali ta biyu ra'ayi ce da ta sa rigar labari: akwai "ai" da "dama", akwai "su" da ba a fayyace ba, sannan an mayar da abin da ya faru yau ya zama ɗabi'a. Maganar falke jita-jita ce, amma ta jingina da abin da ya taɓa aukuwa, domin a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Jita-jitar da ta fi karɓuwa ita ce wadda ta sami irin wannan majingina.

Maganar mai POS ta biyu ita ce ta fi kusa da gaskiya, kuma ita ce ta fi tattare da alamun taka-tsantsan: "ni dai", "na ji a rediyo", "wai". Ke nan a wannan hira wanda ya fi kowa sani shi ne ya fi kowa sassauta lafazi, wanda kuma bai da hujja shi ne ya fi ƙarfafawa. Mai sauraron da yake bin ƙarfin murya zai bi dillali.

Tambayar dillali ta ƙarshe tana da amsa, kuma ya kamata malami ya san ta. Idan aka tura kuɗi daga Maigatari, saƙon yakan tashi daga na'ura zuwa turken sadarwa mafi kusa, daga nan ya bi waya zuwa kwamfutocin bankin mai turawa, ya ratsa cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasar nan, wato NIBSS, kafin ya isa bankin mai karɓa. Wasu daga cikin manhajojin da kamfanoni suke aiki da su suna ajiye ne a rumbunan kwamfuta da ke wasu ƙasashe, kuma ta wayoyin ƙarƙashin teku ake kaiwa gare su. Idan gaɓa ɗaya ta katse a wannan sarƙa, sai mai sa a kasuwa ya ji a jikinsa.

9.7 Dabarun Koyar da Wannan Darasi

Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji, ko a cikin garin Gumel ko a ƙauyukan Gagarawa, zai tarar yaransa sun riga sun iya amfani da duk waɗannan kalmomi. Saboda haka ya fara daga abin da suka sani. Ana ba da shawarar waɗannan matakai:

Mataki na 1: Malami ya nemi yara su kawo maganganun da suka ji a gida ko a kasuwa game da waya ko banki, ya rubuta biyar a allo yadda aka faɗe su, ba tare da ambaton sunan wanda ya faɗa ba.

Mataki na 2: Yara su ja layi a ƙarƙashin kalmomin madogara da na ƙarfafawa.

Mataki na 3: A yi wa kowace jimla tambayoyi uku. Wa ya ce? Ta yaya ya sani? Yaushe aka faɗa? Tambaya ta uku tana da muhimmanci domin labarin kamfanoni yana saurin tsufa. Kamfanin da ya fara da sunan Econet a 2001 ya koma Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Jimlar da take gaskiya a wata shekara tana iya zama kuskure bayan shekara biyu.

Mataki na 4: A yi wasan raɗa. Malami ya raɗa wa yaro na farko jimla mai "wai" da "idan" da adadi, a bi layi har yaro na goma, sannan a kwatanta ta farko da ta ƙarshe a ga abin da ya zube.

Mataki na 5: Kowane yaro ya rubuta sakin layi biyu a kan batu ɗaya, na farko labari zalla, na biyu ra'ayinsa wanda zai fara da "a ganina" ya kuma kawo dalili.

Malami ya kiyayi abu biyu. Na farko, kada ya bar yara su ɗauka ra'ayi ƙarya ne ko abin kunya. Mai amfani da layi yana da haƙƙin ya yi ƙorafi a kan tsada ko rashin sabis, kuma ƙorafin da aka gina a kan kwanan wata da adadi shi ne hukuma take iya aiki da shi. Na biyu, kada ya koya musu cewa duk abin da kamfani ko hukuma ta faɗa shi ne gaskiya. Sanarwar kamfani ma magana ce ta mai ruwa da tsaki, kuma tambayoyin nan uku suna hawa kanta kamar yadda suke hawa kan maganar dillali.

9.8 Kammalawa

A wannan babi an bambanta labari da ra'ayi da jita-jita da hasashe, an kuma nuna hanyoyi biyar da Hausa take bi wajen bayyana matsayin magana, wato kalmomin madogara da wakilin suna mai ɓoye mai aiki da kalmomin ƙarfafawa da lokacin aikatau da zaɓen kalma. An ga yadda alamar shakka take zubewa idan magana ta bi bakuna, har jita-jita ta koma kamar tabbataccen labari. An kuma kawo matakan da malami zai bi ya koyar da wannan a aji. A babi na gaba za a duba yadda ake rubuta wasiƙar ƙorafi zuwa ga hukuma.

Auna Fahimta

1. Kawo ayyuka huɗu na kalmar "wai" tare da misali ɗaya ga kowane.
2. Mene ne bambancin "an cire" da "sun cire" ta fuskar ɗora alhaki?
3. Mayar da wannan jimla zuwa labari zalla: "Ai dama sun saba kwashe wa mutane kuɗi da sunan cajin kati."
4. Wace magana ce ta fi kusa da gaskiya a hirar sashe na 9.6, kuma waɗanne alamomi ne suke cikinta?

Jinga

Saurari hirar jama'a a tasha ko kasuwa ko wurin mai cajin waya, ka rubuta jimloli goma da suka shafi waya ko banki ba tare da sunayen masu maganar ba. Rarraba su zuwa labari da ra'ayi da jita-jita da hasashe, ka bayyana alamar da ka dogara da ita a kowace jimla. Kada aikin ya wuce shafi uku.